Memorin wa'azin kwanakin ƙarshe ko Littafi mai nassoshi a gefe?

'Yar'uwa, kin tambayi wanne za ki saya. Tunda kuɗin ɗaya ne a hannunki, bar memorin wa'azin nan, ki sayi Littafi Mai Tsarki mai nassoshi a gefen shafi, masu nuna miki wasu wuraren da suka yi magana iri ɗaya. Duka biyun sun shiga gidana.

A 2015, lokacin da rikicin Boko Haram ya koro dangin maigidana daga wajen Mora suka sauka wurinmu a Garwa, kowa cewa yake ƙarshen duniya ya zo. Surukata ko abinci ba ta iya ci. Wani dare da aka ɗauke wuta na kunna fitila na buɗe mata Matiyu 24, inda Yesu ya ce za a ji labarin yaƙe-yaƙe amma ƙarshen tukuna. Nassin gefe ya kai mu Markus 13 da Luka 21, daga nan ya mai da mu Daniyel. Da muka koma Matiyu 24 muka iso aya ta 36, cewa ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba, Mama ta yi ajiyar zuciya. Muka zarce sura ta 25, budurwai goma da fitilunsu. Ta dubi fitilarmu ta ce, ashe zaman tsaro mai ne a kwalba, ba ƙirgen kwanaki ba. Washegari ita ta fara tashi ta hura wuta. Littafin nan bangonsa ya yage, na kai an ɗinke, har yau shi nake riƙewa zuwa zumuntar mata.

Memorin kuwa, abin da zan yaba masa ɗaya ne, kina iya saurare kina tuƙa tuwo. Wanda na saya lissafi ne zalla, bakwai saba'in na Daniyel 9 an haɗa da 666, lambar dabbar nan ta Wahayi 13, an fitar da shekarar ƙarshen duniya. Yarinyata ta kwana uku ba barcin kirki. Irin wannan lissafin wani mai wa'azi, William Miller, ya yi a Amurka, mabiyansa suka jira dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844. Wani mai wa'azin kuma, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011. Gari ya waye kamar kullum, mutane da yawa kuma sun riga sun rabu da dukiyarsu. Abin yana ci mini rai, domin Ayyukan Manzanni 1:7 ya riga ya ce sanin lokatai ba namu ba ne.

Ki kula da masu talla a tasha. Wani memorin rabinsa fanko ne, wani kuma za a haɗa miki da kwalbar man shafawa wai tana kare mutum daga alamar dabbar. Ƙarya ce, kada ki ba da ko dala. Littafin ma ki saya a shagon littattafai na ikkilisiya, ki duba da idonki Daniyel ya cika sura 12, Wahayi 22, don akwai bugun jabu mai ɓatattun shafuka. Ki tambayi wace fassara ce, ta 1932 Hausarta tana wa yaran yanzu nauyi. In kin samu, fara da Markus 13, aya 37 ce kawai.