Kafin ka biya kafinta kuɗin amya, auna sandunan

Duk wanda ya taɓa ɗaga sanda ɗaya daga cikin waɗanda ake jerawa a saman amya don zuma su rataya saƙa, ya ga uku sun biyo ta, saƙa ta yage, zuma na tsiyaya, ƙudan zuma sun harzuƙa, ya san takaicin da nake nufi. Nan take sai a ce zuman ƙasarmu taurin kai gare su. Ni a ganina, yawancin karkatacciyar saƙa tun daga shagon kafinta ake sayo ta.

Amyarmu ta gargajiya, ta ciyawa ko tukunya ko kututture, irin wadda ake ratayawa a ɗorawa da kaɗanya a ƙasar Zuru da Yauri, ba ruwanta da wannan magana. Yadda suka ga dama haka za su yi gini, kai kuma ranar ɗiba ka yanke. Ga araha. Sai dai ba ka iya duba lafiyar gidan, kuma sau da yawa 'ya'yan zuma kan tafi tare da girbin.

Akwatin Langstroth, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1852, shi ya fi ba da saƙa miƙaƙƙiya, domin kowace tana cikin firam ɗinta, wato katakon da ya kewaye ta. Amma da sharaɗi. Wanda ya ƙirƙiro shi ya gina shi ne kan lura da cewa zuma na barin hanyar wucewa mai faɗin milimita 6 zuwa 9. In ratar ta wuce haka sai su cike ta da saƙa, in ta gaza su liƙe ta da danƙo. Kafinta ya kuskure kaɗan, ko ka cire firam ɗaya ka bar gurbinsa, to ka sayi rigima da tsada. Ga kuɗin fallen kakin da ake sawa a firam su yi gini a kai, ga na injin tatsar zuma. Wanda ba shi da waɗannan, ya dakata tukuna.

Ga mai farawa a nan Kebbi, ni amyar Kenya mai sanduna a sama nake zaɓa masa. Kafintan gari zai iya yin ta, amma fa sai ka tsaya a kansa. Faɗin kowace sanda santimita 3.2 ne, daidai da zuman Afirka. Awon 3.5 da ake gani a wasu zane-zanen intanet na zuman Turai ne, waɗanda suka fi namu girma. Bambancin kamar ba komai ba, amma taruwa yake yi: saƙa ta farko ta zauna daidai, ta biyar ta fara gocewa, kafin ta goma ta haye sanduna biyu. Ka je da tef ɗinka, ka jera sanduna goma a matse, ka ga ko sun ba ka santimita 32. In ba su ba ka ba, malam, bar masa kayansa.

Juya sandar kuma ka dubi cikinta. Dole a sami tsagi ko ɗan tudu a tsakiya, daga wannan baki zuwa wancan, inda za ka shafa narkakken kaki ya zama musu layin bi. Ka kuma guji ɗanyen katako, don hunturu na busawa zai tsuke ya lanƙwashe, awon ya tashi a banza.

Saura aikinka. Zuma ba sa bin bangon akwati, nauyi suke bi, saƙarsu ƙasa take sauka sak. Idan amya ta karkata, ginin ma zai karkata. Ɗora kwanon ruwa a kanta ka ga ko ruwan ya tsaya daidai. Ka nema mata inuwar mangwaro ko darbejiya, domin zafin Maris da Afrilu kan tausasa sabuwar saƙa ta faɗi, su kuma su yi gini a kan abin da ya faɗi. Bayan sun shiga da mako guda ka buɗe da yamma da ɗan hayaƙi. Saƙar tana nan fara, ba ta fi tafin hannu ba, kuma da yatsa kaɗai za ka mayar da ita kan layi.