Contact Form 7 da fom uku a shafi ɗaya: inda ya ƙware da inda yake kwafsawa

Shafin makaranta ko na shago yakan buƙaci fom fiye da ɗaya: na tambaya a sama, na neman gurbin karatu ko yin oda a tsakiya, sai ɗan ƙarami na rajistar imel can ƙasa. Contact Form 7, filogi (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) na WordPress na kyauta da Takayuki Miyoshi ɗan Japan ya fitar tun 2007, yana ɗaukar wannan kaya ba nishi. Sirrin kuwa yana cikin wani ɓoyayyen gurbi da mai cike fom ba ya gani.

Duk fom ɗin da aka dasa, filogin yana liƙa masa alama irin wannan: wpcf7-f123-p45-o2. Harafin f lambar fom ce, p lambar shafi, o kuma matsayinsa a jere. Idan aka danna maɓallin aikawa, alamar tana tafiya tare da saƙon, amsar kuma ta dawo kan fom ɗin da ya aika. Shi ya sa gargaɗin "cike wannan gurbi" ba ya ɓullowa a ƙarƙashin fom ɗin maƙwabci. Ko fom guda aka sa sau biyu, o1 da o2 sun raba gardama. Aikawar ma a bayan fage take, shafi ba ya sake lodi, don haka abin da mutum ya fara rubutawa a fom na biyu yana nan daram. Nan kam ya ci a yaba masa.

Matsalar tana fara ne daga hannun mai gina shafin. Filogin ya ba da damar sa wa gurbi suna na musamman, misali id:suna. A kwafi fom na farko don yin na biyu, a bar wannan sunan yadda yake, sai shafi ya samu id iri ɗaya har biyu, abin da dokar HTML ta hana. Gane shi ba wuya: ka taɓa lakabin "Sunanka" a fom na ƙasa, sai linzami ya yi tsalle zuwa na sama. A canza su zuwa suna-tambaya da suna-oda, ko a cire id ɗin gaba ɗaya a naɗe gurbin cikin lakabinsa.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Wanda ke son a kai mutum shafin godiya bayan aikawa yakan sa JavaScript ya saurari wpcf7mailsent, wato sanarwar da filogin ke bayarwa idan saƙo ya tafi. Idan bai duba event.detail.contactFormId, wato lambar fom ɗin da ya aika, ba, duk fom ukun wuri ɗaya za su kai mutane, sai mai rajistar imel ya ga ana yi masa godiyar odar da bai yi ba. Tsohuwar hanyar on_sent_ok da har yau ake gani a wasu darussa an cire ta tun sigar 5.0, kada a ɓata lokaci a kanta.

Abu biyu kuma ba laifin filogin ba ne. Ba a cusa fom cikin fom, don haka dasa shi a tsakiyar fom ɗin biyan kuɗi na WooCommerce, filogin shago, zai rikita su duka. Sannan maɓalli ɗaya ba ya aika fom biyu. Mai son haka ya haɗe su wuri guda.

Inda ya gaza da gaske shi ne ajiya. Ba ya adana saƙo ko ɗaya, imel kawai yake turawa. Imel ɗin ya maƙale a hanya, shi ke nan, saƙo ya bi ruwa. Sai an haɗa shi da Flamingo, filogin adana saƙonni wanda shi ma Miyoshi ne ya yi, da kuma filogin SMTP mai kula da tura imel, a tabbatar adireshin mai aikawa na sunan shafin ne, ba na Gmail ba. Kowane fom a ba shi nasa kan saƙo daban, in ba haka ba akwatin imel zai cakuɗe, a rasa wanne ne oda wanne ne tambaya.

Yana kuma loda fayilolinsa na JavaScript da CSS a kowane shafi, har inda babu fom, haka ma reCAPTCHA, mai tace saƙonnin bogi, idan an kunna. Ga mai lilo da waya yana lallaɓa data, wannan nauyi ne na banza. Ana tsayar da na JavaScript ɗin ta sa WPCF7_LOAD_JS a false cikin wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress, sannan a kira wpcf7_enqueue_scripts a shafukan da ke da fom kaɗai. A manta wannan kiran, fom zai koma sake lodin shafi, abin da aka rubuta a sauran fom ɗin ya goge.

Idan ƙaramar da'irar jira da ke kusa da maɓalli ta tsaya tana ta juyawa bayan an danna aikawa, a fara duba filogin tsaro, galibi shi ne ya toshe wp-json, hanyar da fom ke bi ya aika saƙo a bayan fage. Gurbin ɗora fayil kuwa 1MB yake karɓa sai an ƙara masa da limit:5mb, kuma hoton takardar sakamako da aka ɗauka da waya sau da yawa ya wuce haka.