Kafin sayen na'urar sauraron waƙa, a duba yadda waƙar za ta shiga cikinta

Yawancin masu neman ƙaramar na'urar sauraron waƙa kan fara ne da duba ƙirar jikinta, da faɗin fuskarta, da awannin da batirinta ke yi kafin ya nemi caji. Duk waɗannan suna da amfani, amma ba su ne ke sa mutum ya yi watsi da na'ura bayan 'yan makonni ba. Abin da ya fi kai shi ga haka shi ne ya tarar da rabin waƙoƙinsa sun ƙi buɗuwa, ko kwamfutarsa ta ƙi gane na'urar, ko kuma waƙoƙin sun shiga amma sun cakuɗe babu suna babu tsari. Saboda haka tambayoyi biyu ne suka kamata su riga kuɗi fita daga aljihu: wane irin fayil na'urar ke karantawa, kuma ta wace hanya ake zuba mata shi.

Ma'aunin da ake gwada komai da shi shi ne faifan CD, wanda ke ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da bit 16, ta kafar hagu da ta dama, jimilla 1,411 kbps (kbps shi ne ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa). Idan aka kwafe shi yadda yake zuwa fayil ɗin WAV, kowane minti guda zai ci kusan megabait 10, wato waƙar minti huɗu ta haura megabait 40. Wannan nauyi ne ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin matse sauti, kuma sun kasu gida biyu. Akwai masu zubar da ɓangaren sautin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba, kamar MP3 da AAC da Opus, akwai kuma masu matsewa ba tare da yar da komai ba, kamar FLAC da ALAC.

MP3 shi ne tsohon hannu. An fitar da ƙa'idarsa a 1993, cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ce kuma ta yi kaso mai tsoka na aikin, sannan aka daina karɓar kuɗin lasisinsa a 2017. Ƙarfinsa a yau ba ya cikin ingancin sauti, domin an samu waɗanda suka fi shi iya matsewa. Ƙarfinsa shi ne kusan babu na'urar da ba ta san shi ba, tun daga mafi araha har zuwa rediyon mota. A 128 kbps minti guda yana cin kusan megabait ɗaya, amma mai kunne mai kyau zai iya jin rauni a sauti masu kaifi. A 320 kbps, wanda shi ne ƙololuwarsa, waƙar minti huɗu tana kaiwa megabait 9.6. Tsakanin waɗannan akwai zaɓin da na fi so, wato barin LAME, manhajar da ke haɗa MP3, ta riƙa ƙara ko rage adadin kbps gwargwadon buƙatar kowane sashe na waƙar. Matakinta na V2 kan tsaya wajen 190 kbps, na V0 kuwa wajen 245, kuma mutane ƙalilan ne ke iya bambanta su da asalin faifan idan ba su san wanne ake kunna musu ba.

AAC, wanda ya zo a 1997 kuma aka fi ganinsa da wutsiyar .m4a, ya fi MP3 riƙe inganci idan aka sauko ƙasa, shi ne ma tsarin da kantin iTunes ke sayar da waƙoƙi da shi a 256 kbps. Opus na 2012 ya fi su duka ƙwarewa a ƙaramin wuri, sai dai ƙananan na'urori da yawa ba sa karanta shi, don haka kada a juya dukan tarin waƙoƙi zuwa gare shi sai an ga sunansa a rubuce cikin takardar bayanin na'urar. WMA na Microsoft kuwa ya tsufa, babu dalilin zaɓarsa sabo.

FLAC ya bayyana a 2001, kyauta ne ga kowa, kuma yakan rage nauyin WAV zuwa kusan rabi ko ɗan sama da haka ba tare da asarar ko ɗigo ba. ALAC takwaransa ne daga Apple, wanda kamfanin ya buɗe wa kowa a 2011. Lissafin wuri a nan yana da sauƙi: katin memori na gigabait 32 zai ɗauki waƙoƙin minti huɗu sama da 3,000 a MP3 na 320 kbps, amma a FLAC adadin zai sauko zuwa dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa. Wanda tarinsa bai da yawa ba shi da dalilin juya komai, sai kawai ya sayi na'urar da ke karanta FLAC ya huta. Wanda yake da dubban waƙoƙi shi ne juyawa ta zame masa dole.

Su kansu na'urorin sun fi bambanta ta hanyar da ake zuba musu waƙa, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mai saye ya fi natsuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda na'ura ke bayyana a kwamfuta tamkar filas da zarar an jona kebul, abin da takardun bayani ke kira MSC. Mutum zai buɗe folda ya kwafa ya ajiye, ko a Windows yake ko a Mac ko a Linux, babu wata manhaja da za ta tsaya masa a tsakani. Yawancin ƙananan na'urori marasa intanet haka suke aiki, kuma su ne suka fi dacewa da mai motsa jiki, ko ɗalibi mai sauraron karatu, ko duk wanda ke son batir ya daɗe.

Hanya ta biyu ita ce MTP, wadda Microsoft ya ƙirƙiro kuma na'urorin Android ke amfani da ita. Sabbin Walkman na Sony da yawancin manyan na'urorin FiiO da HiBy da Shanling masu Android suna cikin wannan rukuni. Windows na gane MTP kai tsaye, Mac kuwa sai an sa mata ƙarin manhaja, kuma kwafar dubban ƙananan fayiloli ta wannan hanya kan yi nawa, wani lokaci ma ta yanke a tsakiya. Maganin abin shi ne a cire katin memorin a sa shi a kwamfuta ta abin karanta kati, a zuba waƙoƙin, sannan a mayar. Wannan ne ya sa nake ɗaukar ramin katin microSD a matsayin sharaɗi: na'urar da ba ta da shi ta ɗaure mai ita da iya wurin da aka gina mata, da kuma hanyar shiga guda ɗaya.

Hanya ta uku ita ce ta iPod, wanda ya fito a 2001 da gigabait 5. Apple ya daina ƙera iPod classic a 2014, ya kuma rufe babin gaba ɗaya da iPod touch a 2022, saboda haka abin da ake samu yanzu na hannu ne. Waƙa ba ta shiga jerin iPod ta kwafa da ajiyewa kawai. Sai ta bi ta iTunes ko manhaja makamanciyarta, a Mac kuma ta Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, tun daga 2019. iPod classic ba ya karanta FLAC, sai an juya zuwa ALAC, kuma ba shi da ramin kati. Masu sha'awarsa kan sa masa manhajar Rockbox don su kauce wa waɗannan iyakoki, amma wannan aiki ne na mai haƙuri, ga kuma batirin da ya riga ya kwana biyu. Ba zan ba wanda ke neman sauƙi shawarar ya fara da shi ba.

Akwai wani tarko da yake kama mutane da yawa. Waƙoƙin da aka sauke cikin manhajar Spotify ko Apple Music don saurare ba tare da intanet ba a kulle suke, na haya ne, ba za su kwafu zuwa kati su yi aiki a wata na'ura ba. Wanda duk sauraronsa ya dogara da irin wannan rajista, na'ura mai Android da za ta ɗauki manhajar ita ce za ta fi yi masa. Fayilolin da ke kwafuwa su ne waɗanda aka ciro daga faifan CD da mutum ya mallaka, ko aka saya daga kantunan da ke sayar da su a buɗe, kamar Bandcamp da ke barin mai saye ya zaɓi MP3 ko FLAC, da kantin iTunes da ya cire makulli daga waƙoƙinsa a 2009.

Game da juyawa, ƙa'idar guda ce, kuma karya ta ba ya gyaruwa. Duk lokacin da aka juya fayil zuwa MP3 ko AAC an zubar da wani abu har abada, don haka juya MP3 zuwa AAC, ko MP3 na 320 zuwa na 128 sannan a sake ɗaga shi, kamar yin fotokofi ne daga wani fotokofin, kowane zagaye yana ƙara dusashewa. Juya MP3 zuwa FLAC ma ba ya dawo da abin da ya tafi, ƙara wa fayil ɗin nauyi kawai yake yi. Abin da ya dace shi ne a ajiye asali marar asara a kwamfuta, da kwafinsa na biyu a wani wuri daban, a riƙa fitar da MP3 ko AAC daga gare shi duk lokacin da ake buƙata. Idan kuwa MP3 ne kaɗai mutum yake da shi, ya bar shi yadda yake ya nemi na'urar da ke karanta shi, wadda ba ta da wuyar samu.

Manhajojin yin aikin ba sa buƙatar kashe kuɗi. fre:ac kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana ciro waƙa daga CD tana kuma juya folda guda a lokaci ɗaya, ita nake nuna wa sabon shiga. foobar2000 ta fi ta zurfi ga mai son sarrafa sunayen fayiloli da tsarin folda. Don ciro CD cikin tsanaki, musamman faifan da ya ɗan karce, Exact Audio Copy a Windows da XLD a Mac suna gwada sakamakon da rumbun AccurateRip don tabbatar da cewa babu kuskure. dBpoweramp ta kuɗi ce, kuma sauƙi da sauri take sayarwa, ba ƙarin ingancin sauti ba. Shafukan intanet masu juya fayil kuwa sun isa ga waƙa ɗaya ko biyu, amma suna cin data wajen ɗorawa da saukewa, sau da yawa suna goge bayanan waƙar, kuma mutum bai san inda fayil ɗinsa ya kwana ba.

Katin memori yana da nasa sharuɗɗa. Katunan SDHC suna tsayawa a gigabait 32 da tsarin fomat na FAT32, na SDXC kuwa sun haura haka kuma da exFAT suke zuwa. Tsohuwar na'ura ko mai araha tana iya ƙin karanta exFAT, saboda haka a duba iyakar da aka rubuta kafin a sayi babban kati, kuma in na'urar tana da zaɓin yi wa kati fomat, a bar ta ta yi da kanta. Katunan jabu suna da yawa. Sukan nuna girman da ba su da shi, sai waƙoƙin su fara lalacewa bayan an wuce ainihin wurin. Manhajar H2testw ko F3 tana cika katin ta sake karantawa, ta haka take tona asirinsa kafin a ɗora masa komai. Wasu ƙananan na'urori kuma suna da iyakar yawan waƙoƙin da jerinsu ke iya nunawa, ko da katin bai cika ba.

Yawancin na'urori ba da sunan fayil suke jera waƙoƙi ba, sai da bayanan da ke cikinsa: sunan mawaƙi, da na kundi, da lambar waƙa. Mp3tag da MusicBrainz Picard suna gyara waɗannan da yawa a tashi ɗaya. Ga MP3, tsarin rubuta waɗannan bayanai mai suna ID3v2.3 ya fi karɓuwa wurin tsofaffin na'urori fiye da v2.4, hoton bangon kundi kuma gara ya kasance ƙaramin JPEG. Yana da kyau a gwada suna mai haruffa irin ƙ da ɗ da ɓ, ko rubutun Larabci, domin na'urori masu araha kan nuna akwatuna a madadinsu. Mai sauraron dogon karatu ko lacca ya tabbatar na'urar tana tuna inda aka tsaya.

Tallar sauti mai bit 24 da 96 kHz (wato ɗaukar sauti sau 96,000 a daƙiƙa) ba ta isa dalilin ƙara kuɗi ba a ganina, tun da kunnen ɗan Adam ba ya jin kaifin sauti da ya wuce kusan 20,000 Hz, CD kuwa yana kaiwa 22,050 Hz. Haka nan wanda zai saurara ta Bluetooth ya sani cewa ana sake matse sautin a hanya, ko da SBC ko AAC ko aptX ko LDAC na Sony mai kaiwa 990 kbps, don haka fifikon FLAC ya fi fitowa ta abin saurare mai waya. Da zarar na'urar ta iso hannu, kafin wa'adin mayar da kaya ya ƙare, a zuba mata waƙa ɗaya daga kowane irin fayil da ake da shi, a jona ta da kwamfutar da za a riƙa amfani da ita, a sa babban katin a ga ko za ta karanta shi duka, sannan a riƙa sallamar ta daga kwamfuta kafin a zare kebul.