Tashar Jirgin Ƙasa ta Hexham, Tsohuwa Mai Tsafta

Kakana ma'aikacin reluwe ne a Zariya, shi ya sa duk garin da na sauka sai na tsaya na ƙare wa tasharsa kallo kafin in shiga ciki. Ranar Talatar da ta wuce na baro Newcastle zuwa Hexham, wani tsohon garin kasuwa a arewacin Ingila, a bakin kogin Tyne. Tafiyar ba ta kai minti arba'in ba, kuma jirgin na bin gefen kogin kusan duk hanya.

An buɗe tashar nan a watan Maris na 1835, lokacin da jirgi ke zuwa Blaydon kawai, wani gari kusa da Newcastle, ya juyo. Sai a 1838 layin ya haɗe har birnin Carlisle da ke yamma. Da na lissafa sai na ga ta girmi zuwan dogo Kano a 1911 da shekara 76, kuma har yau mutane na sayen tikiti a cikinta. Dā akwai rassa biyu da ke tashi daga nan, ɗaya zuwa Allendale, ɗaya ya nausa arewa wajen iyakar Scotland. An rufe su duka, na biyun ya daina ɗaukar fasinja a 1956.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne ɗakin sigina, wato inda ake ba jirage alamar hanya ana sauya musu layi. Ba a ƙasa yake ba kamar namu. An ɗora shi a kan ƙarafuna, a saman layin dogon kansa, jirgi na wucewa ta ƙarƙashinsa. Ginin katako ne na wajen 1896, tagogi zagaye da shi, doka kuma ta hana a rushe shi. Na hau gadar tsallakawa na daɗe ina kallonsa, ina tuna yadda kakana ke ba mu labarin masu jan ƙarfen sauya layi. Da yana raye, wallahi da hoton nan zan fara aika masa.

Dandamali biyu ne kacal, ba ka ɓata. Akwai rumfa mai kare ruwa, akwai ofishin tikiti da wurin zama, ga furanni an shuka ana kula da su. Dattijuwar da na tambaya hanya ta raka ni har bakin ƙofa tana nuna mini da hannu. A ƙofar ne bas mai suna AD122 ke tsayawa, wadda ke kai mutane ganuwar Hadrian, sarkin Rum, da Rumawa suka fara ginawa a shekara ta 122.

Abu ɗaya zan ja kunnen mai zuwa a kai: tashar na gangare ne, garin kuma na kan tudu. Hawan minti goma ne zuwa kasuwa, wanda ke da ciwon gwiwa ko kaya masu nauyi gara ya ɗauki tasi. A saka rigar sanyi kuma, iskar kogin ba ta da sauƙi.

Na iske kasuwar Talata na ci a gaban majami'ar da aka kafa tun wajen 674. Na sayi cuku da burodi, na gangaro na kama jirgin yamma. Wata mai zuwa zan dawo da yarana su ga ɗakin siginar.