Fostar fim ɗin ban tsoro: wacce ta cancanci kuɗinka, wacce ce jabu

Fostocin finafinan ban tsoro iri biyu ne. Akwai mai zube maka komai a fili, ga dodo da haƙoransa, ga jini, ga mace tana ihu. Akwai kuma mai ɓoye abin, ta bar zuciyarka ta ƙirƙiro shi. Ta farkon tana jan ido a ƙofar silima, amma idan ka rataye ta a ɗaki ba ka daɗewa ka gaji da ita. Ta biyun ita ce ta cancanci kuɗinka, kuma ba inda aka ƙware a kanta kamar fostocin asali na Amurka daga wajen 1968 zuwa 1980.

Dubi fostar The Exorcist ta 1973, wadda Bill Gold ya tsara. Babu aljani a cikinta, ba a ma nuna yarinyar da aka yi fim ɗin a kanta ba. Mutum ne kawai da hula da jaka, tsaye a gaban gida cikin dare, haske yana sauko masa daga taga. Sauran duk baƙi ne. Wannan baƙin shi ke yin aikin, don ido ba ya son wurin da ba ya gani, sai ya dinga komawa yana lalube. Haka fostar Alien ta 1979 take: ƙwai guda yana tsagewa a tsakiyar duhu, koren haske yana fitowa. Ita kuwa ta Rosemary's Baby ta 1968 keken jariri ne ɗan mitsitsi a gaban fuskar uwar, komai ya rine da wani kore mai tayar da hankali. Ko zanen Roger Kastel na Jaws, da ya nuna kifin ƙuru-ƙuru, tsoronsa a bambancin girma yake, kuma mai iyon da ke sama ba ta san abin da ke tafe ba, kai mai kallo ka sani.

Girman irin wannan fosta inci 27 ne da 41, kuma a wancan zamanin a ninke ake aika ta gidajen silima. Saboda haka alamar ninki ba aibi ba ce. Ni har ta fi kwantar min da hankali.

Sauran zaɓin ba su da wuyar yanke hukunci. Sabon bugu mai lasisi yana da araha kuma ba yaudara a ciki, amma ado ne kawai, darajarsa ba ta ƙaruwa. Fostocin zamani masu bugu gaba da baya an yi su ne don akwatin fitila da ke haska fosta ta baya a silima, yawancinsu kuma fuska ɗaya ce da ido ya firfito. Na kamfanin Mondo, mai buga sababbin zane na finafinai, suna da kyau, sai dai masoyan da suka riga suka kalli fim ake yi wa su, ba su da aikin jawo baƙo. Na Poland gwanin ban sha'awa ne idan ba ka damu ko hoton ya yi kama da fim ɗin ba. Na Ghana da aka zana da hannu a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990 suna da nasu armashi, amma da yawa daga waɗanda ke kasuwa yanzu sababbi ne. Na shekarun 1930 kuwa a bar wa masu hannu da shuni: fostar Dracula ta 1931 an sayar da ita dala 525,800 a gwanjo a 2017.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo min fostar da ya rantse ta asali ce, da na warware sai ga baƙinta ya koma toka-toka, ƙananan sunayen da ke ƙasa duk sun dushe. Tun daga nan baƙi nake fara dubawa. Mai jabu hoton ta asali yake ɗauka ya sake bugawa, kuma a wannan hanyar duhu ne ke fara lalacewa, inuwoyin da ke cikinsa su dunƙule. Fostar ban tsoro da ta rasa duhunta ta rasa komai.

Ka nemi a turo maka hoton ƙananan rubutun daga kusa, ya kamata harufan su fito tsaf da kaifi. Ka nemi awo na gaskiya da tef a kai, don inci 24 da 36 girman fostar shago ne. Ka gwada gefunan hoton da na wata da aka tabbatar, jabu kan yanke ɗan wani abu a gefe. Yawancin fostocin wancan zamani suna ɗauke da lambar National Screen Service, kamfanin da ke rarraba su ga gidajen silima a lokacin, a ƙasa, wadda ke farawa da shekarar fim ɗin, amma kada ka dogara da ita kaɗai, ita ma ana kwafarta. Akwai masu buga har da hoton ninkin, sai ka shafa da yatsa ka ji takarda sumul. Tsohuwar fosta da ta zo fara fat, a nannaɗe, mai sayarwa kuma yana da irinta da yawa, a kai kasuwa.

Takardar shaidar inganci kuwa wanda ya buga jabun yana iya buga ta. Haka fostar da aka manna a kan yadi don gyara: aikin halal ne, amma yana rufe bayan takarda, inda hatimi da faci da shekarunta ke bayyana. Kada ka ɗauka sababbin shiga kaɗai ake damfara. A 2012 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani mutum fiye da shekara shida saboda sayar da jabun fostoci da katunan tallar tsofaffin finafinan ban tsoro, kuma cikin waɗanda ya cuta har da gogaggun masu tara su. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya rubuta cewa zai karɓi kayansa ya mayar maka da kuɗinka idan wani masani ya ce jabu ce. Idan ya fara kame-kame, ka nemi wani.