Samfurin jirgin Tejas da na saya wa ɗalibaina: abin da ke cikin kwalin da abin da takardarsa ta tsallake

Shekara 19 ke nan ina koyar da zanen injiniya a wata makarantar koyon sana'a a nan Kaduna. Darasin da ya fi ba yara wuya shi ne na ma'auni, wato yadda abu mai tsawon mita 13 zai dawo ya zauna a tafin hannu ba tare da siffarsa ta canza ba. Alli da allo sun gaza mini a nan, shi ya sa na yanke shawarar nemo ɗan samfurin jirgin sama da za su taɓa, su auna da rula. Na zaɓi Tejas, jirgin yaƙin da Indiya ta ƙera da kanta, saboda fukafukansa masu kusurwa uku ne, ba shi da ƙananan fukafukan jela, zana shi ba zai gagari ɗan aji ɗaya ba.

Wani matashi mai shagon kayan kwamfuta a tsakiyar gari ne ya yi mini odarsa, domin yana shigo da kaya daga Indiya da Sin. Ya ce sati uku. Sai da aka yi sati takwas. Amma ga abin da ya sa har gobe zan koma shagonsa: ranar da sati ukun suka cika, tun kafin in neme shi, shi ya kira ni. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, laifin nawa ne. Na haɗa naka da wasu kaya don in rage kuɗin jirgi, su kuma ba su kammalu ba." Bai ɗora wa kwastan ba, bai ɗora wa dala ba. Ya ba ni sabuwar rana, ya ce ya yafe kuɗin dako, kuma a ranar da ya faɗa ɗin yaronsa ya kawo mini kwalin har makaranta. Naira dubu 38 na biya.

Gangar jikin ƙarfe ne, da nauyi a hannu, fentinsa toka-toka mai laushi, ba ya ƙyalli kamar na jirgin wasan yara. Tambarin sojan saman Indiya yana inda ya kamata: da'ira ruwan lemo a waje, fari a tsakiya, kore a ciki. An rubuta ma'auninsa 1:72, ni kuma ban yarda da rubutun kwali ba sai na gwada. Ainihin jirgin mita 13.2 ne tsawonsa, faɗin fukafukansa mita 8.2. Idan ka raba da 72 za ka sami santimita 18.3 da 11.4. Na ɗora rula, haka na gani, bambancin bai kai milimita 2 ba. Don aikin da na saye shi, wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Inda masu ƙera shi suka yi ganganci shi ne ƙafafu. Roba ce siririya aka ɗora wa jikin ƙarfe. A sati na biyu ƙafar gaba ta karye a hannun wani ɗalibi da bai ma matsa ta ba, sai da gam na liƙe ta, har yanzu a ɗan karkace take. Murfin matuƙi ba ya buɗewa, sandar da ake kafa jirgin a kai kuma tana rawa idan aka bugi tebur.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa 'yar takardar da ke cikin kwalin ce. Layi biyu ne tarihin: tashin farko 2001, shiga aiki 2016. Wata ɗaliba ta karanta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shekara 15 suna me?" Na ce mata ai lissafin ya wuce haka, shekara 33 ne, don a 1983 gwamnatin Indiya ta amince da shirin.

Manufar tun farko ita ce a sami magajin MiG-21, jirgin Tarayyar Sobiyet da Indiya ta fara amfani da shi a 1963. A 1984 aka kafa hukumar ADA don ta zana jirgin. Kamfanin gwamnati na HAL da ke Bangalore shi zai ƙera. Wata cibiya daban, GTRE, ita aka ba injin da aka sa wa suna Kaveri, aka amince da aikinsa a 1989 da wa'adin gamawa a 1996. Sojan sama, masu jiran kayan, suna gefe, buƙatunsu na makamai da na'urori suna sauyawa yayin da shekaru ke tafiya. Duk wanda ya taɓa ba da aikin gini ga magini daban, kafinta daban, mai waya daban, babu wanda ke riƙe da makullin gidan, ya san yadda ake ƙarewa. Injin Kaveri bai ba da ƙarfin da ake so ba, nauyinsa kuma ya zarce, har a 2008 aka raba shi da shirin baki ɗaya. Tejas ɗin da ke tashi yau da injin F404 na kamfanin GE na Amurka yake tashi.

Ba duka jinkirin ne na sakaci ba, kuma ina so ɗalibaina su san wannan. Bayan gwajin nukiliya da Indiya ta yi a Pokhran a watan Mayu na 1998, Amurka ta saka mata takunkumi, taimakon da ake samu daga can kan kwamfutar da ke sarrafa tashin jirgin ya yanke. Jirgi ne da aka zana da gangan ba ya daidaituwa a iska sai da kwamfuta, don ya yi saurin juyi. Injiniyoyin Indiya suka zauna suka ƙarasa aikin da kansu, ranar 4 ga Janairun 2001 ya tashi. Daga ranar har zuwa Maris 2024, da ɗaya ya faɗi a Jaisalmer matuƙinsa ya tsira, ba a yi asarar ko ɗaya ba. Na biyu ya faɗi a baje kolin jirage na Dubai a Nuwamba 2025, matuƙin ya rasu. Ina girmama mutanen da suka yi wannan aiki, kuma ban ɗauki shekarun da suka yi suna koyo a matsayin ɓata lokaci ba.

Damuwata a wani wuri take. A 2015 babban mai binciken kuɗin gwamnatin Indiya ya miƙa wa majalisa rahoto. Ya lissafa wurare 53 da jirgin bai cika sharuɗɗan da sojan sama suka gindaya ba, 20 daga ciki an yafe su har abada. Ya ce kayan gida da ake cewa sun kai kashi 70 cikin ɗari, a zahiri wajen kashi 35 ne. Rahoto mai kyau, a fili, kowa na iya karantawa. Bayan shekara guda, ranar 1 ga Yulin 2016, Tejas ya fara aiki a runduna ta 45 ta sojan sama da jirage biyu kacal. A Fabrairun 2021 aka sa hannu a kwangilar jirage 83, 73 daga ciki na ingantaccen samfurin Mk1A, kan kusan rupi biliyan 480, za a fara miƙawa a farkon 2024. Shekarar ta zo ta wuce babu ko ɗaya. HAL ta nuna GE da yatsa, kuma da gaskiyarta, don injin farko cikin 99 da aka yi oda sai a Maris 2025 ya iso. To amma wa ya tsara cewa jirgin gida zai rataya a wuyan mai inji ɗaya tilo a ƙetaren teku? Tambayar ta koma kan Kaveri, Kaveri ta koma kan shawarar da aka yanke tun 1989, waɗanda suka yanke ta kuwa sun daɗe da yin ritaya.

A Fabrairun 2025, a baje kolin jirage na Aero India, kyamara ta ɗauki hafsan sojan saman ƙasar, A.P. Singh, yana faɗa wa jami'an HAL ido da ido cewa ba shi da ƙwarin gwiwa a kansu. Mutumin nan ba baƙo ba ne, ya taɓa jagorantar gwajin tashin Tejas ɗin da kansa. Kuma duk tsawon jiran nan, samari ne ke hawa tsofaffin MiG-21, jirgin da jaridun Indiya suka riƙa kira makara mai tashi saboda yawan matuƙan da ya ci. Sai ranar 26 ga Satumban 2025 aka yi masa ritaya a Chandigarh, bayan shekara 62. Matuƙan nan ne suka biya kuɗin jinkirin, su da iyayensu.

Na jima a kan wannan ne saboda mu ma a garin nan mun taɓa farawa. Wanda ya zauna a Kawo ko Mando a shekarun 1990 zai tuna ƙaramin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle yana shawagi da safe. A Kaduna aka harhaɗa su, wajen 60, bisa zanen wani jirgin Amurka mai suna RV-6A. Da suka tsufa, Pakistan aka nufa aka sayo jiragen koyo na Super Mushshak guda 10. A Kadunan aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018. Indiya, duk da jan ƙafarta, ba ta saki aikin ba, kuma tana da mai binciken da ya fito da lambobi, da hafsan da ya faɗi gaskiya a bainar jama'a. Irin wannan rahoton nake so in gani a kan namu: nawa aka kashe, yaushe aka ce za a gama, wa ya sa hannu.

Ga malamin zane, ko uban da ɗansa ke son jirage, samfurin ya cancanci kuɗinsa. Ka ajiye gam kusa, kada ka bar shi a hannun yaro ɗan ƙasa da shekara 10, idan da hali ka cire ƙafafun ka kafa shi a sanda. Takardar cikin kwalin kuma na maye gurbinta da tawa. Na sa 'yan ajin sun ja layi a doguwar takarda, santimita 1 shekara 1, daga 1983 zuwa 2016, suka rubuta abin da ya faru a kowace gaɓa da sunan hukumar da aikin ke hannunta. Layin ya kai santimita 33, ya kusa ninka tsawon jirgin. Ɗalibar nan da ta yi tambaya ita ta manna shi a bango, ƙarƙashin kantar da jirgin ke zaune.