Inshorar lafiya: tsarin Amurka da na Ingila, wanne ya fi?

Ɗan'uwa da ka tambaya me ya sa Amurka duk arzikinta mutane ke kuka da kuɗin asibiti, Ingila kuma ance kyauta ake duba mutum, toh ga yadda abin yake.

Na Ingila ba kyauta bane, haraji ne. Tun 1948 da aka kafa NHS, wato hukumar kula da lafiya ta ƙasa, zamanin ministan lafiya Aneurin Bevan, kuɗin jama'a ake tarawa a asusu ɗaya, in ka je wajen likita ba mai ce maka biya kafin a taɓa ka. A Amurka kuwa yawancin masu aiki ta wurin aikinsu suke samun inshora daga kamfanoni masu zaman kansu, gwamnati ta riƙe tsofaffi daga shekara 65 a Medicare, masu ƙaramin ƙarfi a Medicaid, duka biyun tun 1965. Aiki ya tafi, sau da yawa inshorar ma ta bi shi.

Ni abin da ke damuna da sakar wa kasuwa lafiya shine wanda aka kwaso da tsakar dare yana riƙe da ƙirji ba zai tsaya ciniki ba, matarsa ba za ta ce bari mu zaga mu ji farashin wani asibitin ba, kuma wanda zai sayar maka da maganin shi ke faɗa maka abin da kake buƙata, kai baka da ilimin da zaka musa. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya yi rubutu a kan wannan tun 1963. Sannan shi kamfanin inshora ribarsa na wajen masu lafiya, mai ciwon suga ko asma gudunsa yake, kuma in masu lafiya suka ga kuɗin wata-wata ya yi musu nauyi suka fice sai a bar marasa lafiya zalla, kuɗin ya ƙara hawa, wasu su ƙara ficewa, haka abin zai ta tafiya. Sai da dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta zo aka hana kamfanoni ƙin mutum saboda tsohon ciwo.

Ta fannin kuɗi, Amurka na kashe wajen kashi 17 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara kan lafiya, Birtaniya wajen kashi 11, amma kuma 'yan Birtaniya sun fi su tsawon rai.

Ingila ma fa da nata ciwon, layi. A 2023 jerin masu jiran aikin asibiti ya haura miliyan 7, dattijo mai ciwon gwiwa sai ya yi wata da watanni yana dogara sanda kafin a kira shi tiyata, alhali mai inshora mai ƙarfi a Amurka da wuri za a yi masa. Wallahi wannan jiran ba ƙaramin abu bane, amma in ni aka ba zaɓi na Ingila zan ɗauka, domin direban tasi da mai kamfani duk sunansu na shiga jerin, kuma ba wanda takardar bashi za ta biyo gida bayan an sallame shi.